Mai Fentin Tashar Rano da Littattafansa Marasa Rubutu

Kafin motar farko ta cika a tashar Rano, Malam Baballe Mai Fenti ya riga ya buɗe rumfarsa. Tana can baya, tsakanin mai faci da teburin Hajiya Lubabatu mai abinci, in ba an nuna maka ba sai ka wuce ta. Yakan fara da wanke burushinsa a gwangwanin kananzir, ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu faɗa ƙasa-ƙasa kamar suna jinsa. Sai ya karɓi kokonsa a wajen Lubabatu, ya yi ƙorafin ya yi ruwa, ita kuma ta tuna masa cewa shekara ashirin ke nan yana wannan ƙorafin bai taɓa rage ko ludayi ɗaya ba. Daga nan ya zaga kantuna ya tattaro kwalayen taliya da na sabulu da aka juye, ya dawo da su a hammata.

Shekara talatin da takwas ya yi yana zana zaki da gaggafa a bayan manyan motoci, yana rubuta allunan shaguna daga Rano har Kibiya. Yanzu injin buga hoto ya kwashe rabin aikin, yanar ido kuma ta fara rufe masa idon hagu, ya ce bayan babbar sallar bana zai ajiye burushi. Mutane za su tuna da zakunansa, sun kuma cancanci a tuna da su, ko da yake wasunsu sun fi kama da muzurun da ya ƙoshi. Amma ba don zakuna ake wannan jinjina ba. Don kwalayen nan ne da yake dawowa da su a hammata.

Yakan yanka kwalin da reza, ya liƙa masa farar takarda, ya ɗinke gefe da basilla da zaren buhu, sai ga littafi mai shafi takwas ko goma. Hoto ne zalla a ciki, babu ko harafi ɗaya. Kowane littafi labarin uba ɗaya ne da ɗansa ƙarami, kuma na gida ɗaya ne tak. Akwai na wani manomi a Lausu da ke ware kunyar gyaɗa biyu a bakin gona, ya ce wa ɗansa mai shekara huɗu nasa ne, sannan ya riƙa zagayowa da sassafe yana cire musu ciyawa don yaron ya ɗauka shi ne gwani. Akwai na Bappa Alu, makiyayi a wajen Saji, wanda ke tafiyar da garke a hankali ranar da 'yarsa ta biyo shi, yana cewa shanun ne suka gaji. Waɗanda suka ga littattafan nan a gidajensu sun ce duk sun yi laushi don yawan buɗawa, wasu har da tabon miya.

Ba da gwaninta ya fara ba. Da kuskure ya fara, kuma shi da kansa yake ba da labarin in an zauna.

Shekara bakwai da suka wuce akwai wani direban bas mai jigila tsakanin Rano da Kano, Zulkifilu, mutum mai wushirya da ƙarancin magana. 'Yarsa ta fari sunanta Firdausi. Kowa a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, uwa ma haka take yi. To Zulkifilu ya riƙe wannan kunya da hannu bibbiyu. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta Fassi wajen mahaifiyarsa, wadda take kira Iya, can ta yi wayo. Tana da shekara biyar Iya ta rasu, aka ɗauko ta aka dawo da ita Rano, gidan mutanen da ta sani a matsayin baƙi masu zuwa gaisuwa.

Yarinya ta ƙi sakin jiki. Ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwalin Iya, kullum tana zaune a bakin zaure da ƙullin a cinya, tana jiran motar da za ta mayar da ita Fassi. Abinci sai ta ɗan tsakura ta ture. Uwarta Jumai tana so ta rungume ta, kunya ta hana, sai dai ta ajiye kwano kusa da ita ta koma ciki tana share ido. In uban ya dawo, ƙanenta Mahdi ya tafo da gudu, ya ɗaga shi sama yana yi masa wasa, don shi ba ɗan fari ba ne, babu abin kunya. Firdausi tana kallo daga bayan ƙyaure. Cikin mako uku wuyanta ya fito. Yayar Zulkifilu da ke aure a Kano ta ga abin, ta ce ba za ta zuba ido yarinya ta lalace ba, ranar sadakar arba'in ɗin Iya za ta tafi da ita ta riƙe.

Ana cikin haka Zulkifilu ya kawo motarsa a sabunta masa rubutun baya. Ya zauna a bencin Baballe ya ƙura wa gwangwanin fenti ido.

"Direba, lafiya? Tun ɗazu kake kallon gwangwanin nan kamar ka ba shi ajiya," in ji Baballe.

"Yarinyar nan ce, Malam. Wadda aka dawo da ita."

"Firdausi?"

Zulkifilu ya kau da kai, don jin sunan ma nauyi yake yi masa. "Ba ta cin abinci. In na shigo sai ta ɓuya. Yaya ta ce za ta tafi da ita Kano ranar arba'in."

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce, Malam? In buɗe baki in ce a bar min 'yata? Da wane ido zan kalli Yaya?"

"Amma kana so a bar ta."

Zulkifilu ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

Maganar ta taɓa Baballe a inda ba ya so a taɓa, domin shi ma ɗan fari ne. Mahaifinsa ya mutu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ce masa sannu da aiki ba, kuma Baballe ya girma yana ganin tsohon bai damu da shi ba. Sai a zaman makoki ƙanen mahaifinsa ya faɗa masa cewa allon farko da ya rubuta wa wani mai kanti a Kibiya, tsohon kan hau keke duk ranar kasuwa ya je ya tsaya a gabansa, ga shi ko karatun boko bai iya ba. Baballe yana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin. Ya yi kuka, ya kuma ji haushi, haushin da bai gama wucewa ba har yau, don an faɗa masa ne a ranar da babu wanda zai je ya gode wa.

Sai ya tuna da wani littafin yara na ƙasar waje da ya taɓa gani a wani kanti a Kano, ranar da ya je sayen fenti. Uba ne a ciki yana cilla 'yarsa sama yana cafewa. Baballe ya ce a ransa ai wannan abu ne mai sauƙi. Cikin kwana uku ya haɗa nasa. Ya sa wa uban hula da kaftani, ya ɗora masa yarinya a wuya, ya sa shi yana sumbatar goshinta, yana bin ta da gudu suna zagaya bishiya. Ya kai wa Lubabatu ta gani, yana jiran yabo.

Ta goge hannu a zani, ta buɗe shafi biyu, ta ce, "Malam, wannan uban a wane gari yake?"

"Ke dai ki kula da tukunyarki," in ji shi.

Da Zulkifilu ya buɗe littafin, sai ya rufe da sauri ya waiga ko wani direba ya gani. Amma ya kai gida, ya yar a kan tabarmar zaure kamar mantawa ya yi. Jumai ta ce yarinyar ta ɗauka ta duba shafi-shafi har ƙarshe, sannan ta tashi ta miƙa wa ƙanenta. "Ungo," ta ce, "littafin babanka ne." Ta koma ta rungumi ƙullinta, ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba tun ranar da aka kawo ta.

Labarin ya iso rumfa washegari. Baballe ya ji kunya ƙwarai, har kokon ranar ya sha bai yi ƙorafi ba, abin da ya sa Lubabatu ta tambaye shi ko zazzaɓi yake yi. Ya gane abin da ya aikata. Ya zana wa yarinyar uban da ba nata ba, ya nuna mata a fili duk abin da ba a yi mata. Saura kwana goma sha biyu arba'in.

Ya aika aka kira Zulkifilu. "Direba, ƙarya na zana maka, laifina ne. Zauna. Shekara ukun da ta yi a Fassi, me ka yi mata?"

"Ba komai, Malam."

"Ba ka zuwa?"

"Ina zuwa gaida Iya."

"Ka gaida Iya ka dawo, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sau biyu suna irin wannan zama, Baballe yana tambaya, Zulkifilu yana ba shi amsa guntu-guntu kamar mai cirar ƙaya. A zama na uku Baballe ya shiga gaban motar Zulkifilu zai gyara wani ɗan rubutu a saman gilashi, ya buɗe aljihun gaba yana neman tsumma. Sai ga tsinkayen tsintsiya guda shida an ɗaure su da roba, kowanne ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo.

"Waɗannan fa?"

Zulkifilu ya sosa ƙeya. "Awon ƙafa ne."

Da ƙyar labarin ya fito. Duk sallah, ƙarama da babba, in ya je Fassi, Iya takan tsayar da yarinyar ta auna tafin ƙafarta da tsinken tsintsiya, ta karya daidai tsawon, ta kawo masa a zaure. Shi kuma ya tafi da tsinken Kano, ya bi rumfunan masu takalma yana zura shi cikin takalmi ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda ya yi daidai. Ya kawo ya ba Iya, ya roƙe ta kada ta faɗi wanda ya saya. Ita kuwa Iya in yarinya ta tambaya, sai ta ce mata Allah ne ya kawo.

"To me ya sa ka ajiye tsinkayen?"

"Mantawa na yi ban zubar ba."

Baballe ya dubi mantuwar nan da aka jera daga ƙarami zuwa babba aka kuma ɗaure da roba, sai ya fara tambaya: wane irin zani Iya ta fi ɗaurawa, wace bishiya ce a tsakar gidan, takalmin ƙarshe wane launi ne. A nan bakin Zulkifilu ya buɗe. Ja ne, mai 'yar fulawa fara a sama, kuma rumfa tara ya shiga kafin ya same shi. Ya kuma faɗi wani abu da bai yi niyyar faɗa ba, cewa in ya ba da takalmin ba ya tafiya nan take. Yakan ja motar gaba kaɗan ya tsaya, ya karkata madubi, har sai ya hango ta ta fito ƙofar gida tana tsalle da shi.

Kwana shida Baballe ya yi a kan littafi na biyu, ya bar wata babbar mota tana jiran zakinta, mai ita yana ta kumfar baki. Shafin farko tsohuwa ce durƙushe ƙarƙashin tsamiya tana auna ƙafar yarinya. Na biyu zaure ne, tana miƙa wa wani mutum tsinke, ba a ganin fuskarsa sai bayansa. Sai farar bas a kan hanya, ga duwatsu a gefe. Sai mutumin tsugune a kasuwa, tsinke a cikin takalmin da ya yi yawa, ga wani da ya yi kaɗan. Sai jan takalmi mai fulawa. Sai yarinya tana tsalle, an zana ta cikin madubin mota. A duk shafukan nan bayan mutumin kawai ake gani. A shafin ƙarshe ne ya juyo, da hularsa da wushiryarsa.

Zulkifilu ya duba ya daɗe. "Malam, ba ka sa rubutu ba."

"In na sa, ɗan maƙwabta za ka kira ya karanta mata, kai ka zame. Kai za ka zauna."

"Ni ban iya ba da labari ba."

"Ba sai ka iya ba. In ta tambaya ka ba ta amsa, shi ke nan aikinka."

Abin da ya biyo baya Jumai ce ta gani, tana leƙe daga madafi. Saura kwana uku arba'in, Zulkifilu ya ajiye mota tun la'asar, abin da bai saba ba. Ya zauna a ɗaya ƙarshen tabarmar zaure, ya ajiye littafin tsakaninsa da yarinyar, ya juya yana kallon hanya. An daɗe kafin ta jawo shi. Tana buɗewa ta ɗora yatsa a kan tsohuwar ta ce, "Iya ce." Ta daɗe a wannan shafin, ba wanda ya hanzarta ta. Ta ci gaba a hankali, da ta iso kan jan takalmi sai ta tsaya. Ta kwance ƙullin da ba ta yarda kowa ya taɓa ba, ta ciro takalmin, ta ɗora shi a kan hoton. Sannan ta buɗe shafin ƙarshe. Ta dubi fuskar da ke takarda, ta dubi mutumin da ke zaune.

"Kai ne?" ta ce.

Zulkifilu ya duba gabas da yamma ko akwai mai wucewa. Babu kowa. "Ni ne."

"Har da shuɗin? Har da mai igiya?"

"Duka."

"Iya ta ce Allah ne ya kawo."

"Gaskiya ta faɗa miki. Ni dai ɗan aike ne."

Yarinya ta juya takalmin a hannu. Can ta miƙe ƙafa ɗaya ta ce, "Wannan ya matse ni. Yanzu Iya ba ta nan, wa zai auna?"

Jumai ta ce ta ga mijinta ya tashi kamar zai fita. Ashe bayan ƙyaure ya nufa. Ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya dawo ya durƙusa a gaban 'yarsa, ya riƙe ƙafarta a tafin hannunsa ya auna. Sai da ya karya tsinke uku kafin ya samu daidai. Tuwon ranar ya kama a tukunya, kuma Firdausi ta ci shi haka nan da ƙaurinsa, a kwanon ubanta.

Ranar arba'in yayarsa ta zo da jakar da za a zuba kayan yarinya. Bayan an gama addu'a, mutane sun ragu, Zulkifilu ya same ta a tsakar gida, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, a bar ta." Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi yarinyar da ke riƙe da gefen rigarsa, ta ce, "To, ashe kana da baki." Ta mayar da jakarta Kano babu komai a ciki.

Firdausi yanzu tana aji shida. Har gobe ubanta "yarinyar nan" yake ce mata, kuma Baballe bai taɓa neman ya canja ba. Bai zo don ya kore wa kowa kunyarsa ba. Tun daga wancan littafin dai ya kafa wa kansa ƙa'ida: ba ya ɗaukar fensir sai ya zauna da uba sau uku, kuma tambayarsa ɗaya ce, "Me kake yi masa wanda bai sani ba?" Ya ce bai taɓa samun uban da ba shi da amsa ba, sai dai wanda ke da nauyin baki. Wata malamar firamare a Kibiya, Malama Jannatu, ta ji labari, yanzu duk Asabar tana zuwa rumfar da wasu malamai biyu suna koyon yankan kwali da ɗinki. Yana yi musu faɗa fiye da yadda yake yi wa burushinsa, suna kuma dawowa.

Malam Baballe, gwanin bayan tasha, kai ne ka yi kuskure ka amsa shi da bakinka, ba ka ɗora wa direba ba, ba ka ɗora wa yarinya ba. Kai ne ka zauna da maza masu nauyin baki ka jira su har suka faɗi abin da suka ɓoye. Kai aka faɗa wa labarin mahaifinka a makare, ka ƙi yarda a yi wa 'ya'yan wasu haka. Ba a taɓa kiran ka taro an ba ka lambar yabo ba, mun sani, kuma abin yana ba mu kunya. Mun gode. Iyayen Rano da Kibiya sun gode, ko da yake rabinsu ba za su iya faɗa maka ido da ido ba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka ga littattafan da za a yi bayanka.

Sauran magana ta iyaye maza ce. Ba kowa ne ya iya zane ba, ba a kuma ce kowa ya iya ba. Amma kowane uba yana da abin da yake yi a ɓoye, yana ganin yaro zai gane da kansa wata rana. Yaro ba ya gane abin da ba a nuna masa ba, kuma wata ranar nan takan zo bayan an shafa fatiha. Ka nemi kwali, ka nemi mai zana maka, ko ka ɗauko abin da kansa ka ajiye tsakaninku a kan tabarma, ka zauna ka jira. In ya ɗago ya tambaye ka ko kai ne, ba sai ka duba hanya ba. Ka ce masa kai ne.